Sutura da Fallasa: Tasowar Matashi Mai Sha'awar Jinsinsa a Gari Irin Haɗeja

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da yaro ko yarinya ke shiga idan suka taso a gari irin Haɗeja, suka tarar zuciyarsu tana karkata ga jinsinsu. Ta dogara da dokokin da ke aiki a Jihar Jigawa, da binciken da aka wallafa kan 'yan daudu a Kano, da shari'u da kamen da aka yi a Arewa tun daga 2000, da abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada game da shaida da ƙazafi. Matsayinta shi ne, tsarin da aka sani a Turai da Amurka, na mutum ya fito ya bayyana wa jama'a halinsa, ba shi ke yanke makomar matashi a nan ba. Abin da ke yanke ta shi ne a suturta shi ko a tona masa asiri, kuma mu da kanmu mun raunana sutura mun ba fallasa ƙarfi.

Gabatarwa

Na san batun nan yana da nauyi a baki, kuma akwai waɗanda za su ga bai dace da zauren ilimi ba. Abin da ya sa na kawo shi shi ne kullum ana yin maganarsa a wasu wuraren: a huɗuba, a rediyo, a majalisar dare, a Facebook da TikTok, a ofishin Hisba. Duk inda aka yi ta, maganar laifi da hukunci ake yi. Shi yaron kansa, ɗan shekara 14 ko 16, wanda ke zaune a cikin sahu yana sauraron huɗubar, ya san da shi ake, kuma ba shi da mutum ɗaya da zai iya faɗa wa, ba a cika tuna shi ba.

Hukuncin luwaɗi da maɗigo a mazhabarmu sananne ne, kuma ba shi na zo taɓawa ba. Tambayata ta zaman jama'a ce. Yaya irin wannan yaro yake girma a tsakaninmu? Wa yake gaya wa, idan ma ya faɗa? Me yake samun sa daga ranar da aka sani?

Labarin da ya zo daga waje

A Turai da Amurka wannan labari ya riga ya yi turba. Yaro ya taso a ƙaramin gari, ya sha tsangwama, ya tafi birni, ya samu irinsa, daga baya ya dawo ya gaya wa iyayensa. A 1979 Vivienne Cass, masaniyar halayyar ɗan'adam a Ostireliya, ta kasa wannan tafiya matakai shida, daga ruɗewa har zuwa lokacin da mutum zai zauna lafiya da kansa a bainar jama'a. A 1995 Kath Weston ta yi rubutu kan yadda irin waɗannan matasa suke kwarara zuwa manyan birane kamar San Faransisko. A Faransa, Didier Eribon a 2009 da Édouard Louis a 2014 sun rubuta tarihin tasowarsu a gidajen talakawa ma'aikata, da yadda karatu ya zama musu hanyar ficewa.

Wannan turba tana kan ginshiƙai biyu. Doka ba ta hukunta mutum don ya faɗi halinsa, sannan mutum yana iya rayuwa da albashinsa ko da danginsa sun juya masa baya. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Haɗeja. Ko a Legas ma, da Bisi Alimi ya bayyana kansa a 2004 a shirin Funmi Iyanda na gidan talabijin na NTA, bai wuce shekara uku ba ya bar ƙasar zuwa Ingila. Binciken da ya fi kusa da namu shi ne na Mary Gray, wanda ta wallafa a 2009 kan matasan karkarar Kentaki a Amurka, inda ta nuna cewa a ƙaramin gari jarin matashi shi ne a san ɗan gidan wane ne, don haka lissafinsa ya sha bamban da na ɗan birni.

Gari da sanayya

Haɗeja ba ƙauye ba ce. Hedkwatar masarauta ce mai ƙananan hukumomi takwas, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 100,000, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, da babban asibiti, da kasuwar kifi da ake zuwa daga nesa. Duk da haka gari ne na sanayya. Daga Matsaro zuwa Dubantu, daga Majema zuwa Yankoli, ba a tambayar saurayi sunansa kaɗai, sai an tambayi ɗan gidan wane ne, kuma amsar ita ke buɗe masa ƙofa ko ta rufe. A Auyo, Guri, Kirikasamma ko Birniwa abin ya fi haka matsewa.

Ina son a tsaya a kan abincin mutane, domin a nan ne lissafin yaron yake. Arziƙin wannan yanki yana bakin kogi: shinkafa, alkama, tattasai, kifi, kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya canja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, fadama mai kyau ta yi tsada. Saurayin da zai yi noman rani a gonar ubansa zai fara. Injin ban ruwa na yayansa ne, taki bashi ne daga wanda ya yarda da gidansu, dillalin da zai sayar masa da buhunsa abokin kawunsa ne. Shekarar da ruwa ya ci gari, kamar 2022, gidan dangi ake komawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake samu da takarda. Da mutunci ake samun su. Ranar da sunan yaro ya ɓaci, da gonar da bashin da mafakar suke tafiya tare.

Kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Kafin a ba da aure ana bincike, ana tambayar asali da halin gida. Ƙannensa mata suna jiran manema, mahaifinsa yana limanci ko yana riƙe da unguwa, mahaifiyarsa tana da kishiya da za ta samu abin gori har ƙarshen rayuwa. Yaron ya san wannan tun kafin ya san sunan abin da yake ji. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a auna shirunsa da ma'aunin Cass a ce ya maƙale a matakin farko. Sau da yawa wannan shiru ɗawainiya ce yake yi wa gidansu, kuma yana yin ta ne da lafiyar zuciyarsa.

Ƙuruciya

Tun yaro bai balaga ba ake fara lura. Tafiyarsa, muryarsa, son zama a madafa, ƙin dambe da kokawa. Sai a fara tsokana: ɗan daudu, mata-maza. Wasu daga cikin waɗanda ake tsokanar ba su da wata sha'awar namiji ko kaɗan, wasu kuma da suke da ita ba a taɓa zarginsu ba, domin sun fi kowa iya ƙwallo da faɗa. Amma duka biyun darasi ɗaya suke ɗauka daga tsokanar, cewa akwai wani abu da idan aka same ka da shi ka tashi daga mutum.

Tarbiyyarmu ta kunya tana ƙara wa abin nauyi. Ɗa ba ya zancen sha'awa da ubansa, ɗan fari ma ko sunansa uwa ba ta kira. Wannan kunya tana da kyawunta, amma sakamakonta a nan shi ne yaro yakan fara jin bayanin halinsa daga bakin masu tsine masa. Abin da ke biyo baya an san shi: yawan azumi da tsayuwar dare da roƙon Allah ya cire masa, zargin aljani ko sammu, janyewa daga abokai, faɗuwar karatu, wani lokaci ƙwaya. Ilan Meyer ya yi bayani a 2003 cewa ɓoyewa da zaman jiran ranar tonuwa su kansu suna haifar da ciwon damuwa. Binciken Caitlin Ryan da abokan aikinta a Kalifoniya, wanda aka buga a 2009, ya gano cewa matasan da iyalansu suka yi musu ƙiyayya mai tsanani sun ninka takwarorinsu fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Alƙaluman na Amurka ne, amma zafin korar ɗa daga gida ba ya bukatar fassara.

Akwai wani ruɗani da ya zama dole a warware. A labaran rediyo da jaridunmu, kalma ɗaya ake amfani da ita ga babban da ya yi wa yaro ɗan shekara tara fyaɗe da kuma baligai biyu da aka zarga da neman juna. Na farko zalunci ne a kan ƙaramin yaro, kuma dokokin da Jigawa ta sa wa hannu a 2021 kan cin zarafi da kare yara sun tanadar masa hukunci mai tsanani, yadda ya kamata. Haɗa su a kalma ɗaya yana cutar da yara ta fuska biyu. Yaron da aka yi wa fyaɗe yakan yi shiru don kada a kira shi da sunan, mai laifin ya tsira. Matashin da bai taɓa cutar da kowa ba kuma yakan girma yana jin shi da mai fyaɗe ɗaya suke a idon garinsu.

Gurbin da aka taɓa bari

Masu cewa Turawa ne suka kawo wannan hali ba su yi wa tarihin ƙasar Hausa adalci ba. 'Yan daudu sun daɗe a kasuwanni da tashoshin mota da gidajen biki, suna dafa abinci suna sayarwa, suna shiga tsakanin mata masu zaman kansu da manemansu, suna da alaƙa da bori, musamman da iskan nan Ɗan Galadima. Fremont Besmer ya ambace su a littafinsa kan bori na 1983, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun yi nazarinsu a shekarar, Renée Pittin ta same su a gidajen mata a Katsina. Wanda ya fi zurfafawa shi ne Rudolf Gaudio, da ya zauna da su a Kano daga farkon shekarun 1990, ya wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009.

Abubuwa uku daga aikin Gaudio sun shafi batunmu. Daudu da neman maza ba abu ɗaya ba ne: akwai ɗan daudun da sana'a da salon magana kawai ya ɗauka, akwai kuma maza da yawa masu kamala a idon jama'a da suke kiran junansu masu harka. Sannan mafi yawansu suna ɗaukar kansu Musulmi, suna salla, suna burin Makka, suna aure suna haihuwa, ba su ga wannan ya ci karo da wancan ba. Na uku, da yawa daga cikinsu baƙi ne a Kano, daga ƙananan garuruwa suka zo. Al'adar cin rani ta ba su hujjar tafiya. Saurayi ya hau mota ta Gujungu ya nufi Kano neman kuɗi, ya riƙa aiko da na cefane, ya dawo da salla da ɗinki, babu wanda zai tsananta tambaya.

Kada a ɗauka wancan zamani aljanna ne. Ana raina ɗan daudu, ana yi masa dariya, gidan mutunci ba ya son a ce ɗansa ne. Amma akwai gurbi, kuma akwai wata yarjejeniya da ba a furta ta: kai kada ka fito fili, mu kuma ba za mu bi diddigi ba.

Doka da zamanin fallasa

Tun 1960 dokar Final Kod ta Arewa, a sashe na 284, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 kan saduwar da ta saɓa wa ɗabi'a, sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan iskan gari. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, Jigawa a 2000 zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Dokokin Shari'ar suka tanadi hukuncin da ya kai jifa ga luwaɗi. Har yau ba a zartar da jifa a kan kowa ba a Nijeriya, amma an rufe gidajen mata, an hana wasanni da yawa, Hisba ta samu gindin zama, 'yan daudu da dama suka watse zuwa Abuja da wasu garuruwan.

A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Ta sa shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, da wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyarsu, da wanda ya nuna irin wannan soyayya a fili. Babu wani yunƙuri na ɗaura irin wannan aure a masallatai ko kotunan ƙasar Hausa da dokar ta zo ta tare. Abin da ta yi shi ne ta sa kowa ya ji yana da izinin farauta. A watan da aka sa mata hannu, jama'a suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma. A Fabrairu wasu gungun matasa suka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja suna fito da maza suna duka. A Afrilun 2017 an gurfanar da mutum 53 a Zariya kan zargin halartar bikin auren jinsi. A Disamban 2022 Hisbar Kano ta kama 19 kan irin wannan zargi, a Oktoban 2023 jami'an Sibil Difens suka kama 76 a Gwambe a wajen wani biki. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya nuna kashi 91 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ganin bai kamata al'umma ta karɓi wannan hali ba, don haka mai farauta ya san ba za a tsawata masa ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru a Haɗeja, amma duk sun iso Haɗeja ta waya. Wayar nan ita ce ta canja komai. A cikinta yaron ya fara gano cewa ba shi kaɗai ba ne a duniya, a cikinta kuma ake ɗana masa tarko: a yi hira da shi da sunan soyayya, a kira shi wani wuri, a ƙwace masa waya, a ɗauki bidiyo, a ce ya kawo kuɗi ko a tura wa mahaifinsa. Sashen binciken BBC na Afirka ya yi shiri a kan wannan sana'a a 2023. Wanda aka yi wa haka ba ya zuwa wajen 'yan sanda, domin ƙararsa ikirari ce a kan kansa. Kuma nisan da ke tsakanin Kano da gida, wanda ya rufa wa na da asiri, yanzu bidiyo yana cinye shi kafin la'asar.

Ta fuskar lafiya ma an auna ɓarnar. Sheree Schwartz da abokan aikinta sun bi maza masu neman maza fiye da 700 a wani asibiti a Abuja kafin dokar 2014 da bayanta, suka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015 cewa masu tsoron zuwa neman magani sun tashi daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin 100. Binciken gwamnatin tarayya na 2014 ya samu ƙwayar cutar ƙanjamau a jikin kusan kashi 23 cikin 100 na maza masu neman maza, alhali binciken ƙasa na 2018 ya sa na baligai gaba ɗaya a kashi 1.4. Idan a Abuja ake jin wannan tsoro, sai a ƙiyasta garin da mai ba da kati a asibiti maƙwabcinku ne. Da yake mafi yawan waɗannan maza suna da mata ko za su yi, cutar da aka kora daga asibiti ɗakin aure take komawa.

Wa ake gaya wa

Bayyana kai yana faruwa a nan ma, sai dai ga mutum ɗaya ne, a ɗaki, da rantsuwa. Aboki na ƙut da ƙut, ko yaya mace, ko gwaggo, ko malamin da aka je wa neman addu'a da sunan wani abokina ne ke cikin matsala. Uwa kuwa sau da yawa ta riga ta gane. Ba za ta tambaya ba, shi ma ba zai faɗa ba. Za ta dai riƙa cewa Allah ya shirya mana zuri'a, tana kare shi idan ubansa ya taso. Wannan sanin da ba a furtawa shi ne mafi yawan karɓuwar da ake samu a gari irin namu, kuma bai kamata manazarci ya raina shi ba, domin shi ke sa yaro ya ci gaba da cin tuwon gidansu.

Idan magana ta kai ga uba da baffanni, hanyoyin da aka saba bi kaɗan ne. Akwai duka, akwai ruƙiyya da rubutun sha, akwai kai yaro gidan mari. Abin da aka gani a 2019, lokacin da aka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu wuraren aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, wasunsu suna ba da labarin fyaɗen da aka yi musu a ciki, ya isa ya sa kowane uba ya sake tunani kafin ya miƙa ɗansa don gyaran hali. Akwai kora. Sai kuma wadda aka fi yawan bi, wato a yi masa aure da gaggawa.

A kan wannan ta ƙarshe nake son in ɗan daɗe, domin a nan ake shigo da wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ana ɗauko yarinya, sau da yawa 'yar dangi, a mai da ita magani ba tare da an gaya mata ciwon ba. Wasu auren suna zama, a haihu, a girmama juna. Wasu kuma yarinyar takan shekara tana zargin kanta, tana sayen kayan mata, tana bin malamai, tana tunanin an yi mata asiri, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa alƙali ainihin abin da ke damun ta ba. Iyayen da suka shirya wannan aure sun rufa wa ɗansu asiri da rayuwar 'yar wani. Ni ban ga yadda za a kira wannan sutura ba.

Ita kuwa yarinyar da ke son 'yar'uwarta mace, ba ta da ko cin rani. Aure yakan riske ta kafin ta gama fahimtar kanta, kuma abin da ake yi da sunanta ya fi sauƙin ƙirƙira: zargin maɗigo a makarantar kwana ya isa a kori ɗaliba. A Afrilun 2007 an yayata cewa wata mata ta auri mata huɗu a Kano, aka rushe wurin da aka ce an yi bikin, ita kuwa ta fito ta musanta. Littafin She Called Me Woman na 2018, wanda Azeenarh Mohammed da Chitra Nagarajan da Rafeeat Aliyu suka tattara, yana cikin wurare ƙalilan da aka ji muryar irin waɗannan mata, har da Musulmi 'yan Arewa, daga bakinsu.

Abin da littattafanmu suka tanada

Ba sai mun aro hujja daga Majalisar Ɗinkin Duniya ba kafin mu hana wannan farauta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Haɗeja, ita ce ta ambaci jifa ga luwaɗi, kuma ita ce ta ce wanda ya jefi wani da wannan suna a yi masa haddin ƙazafi, bulala 80. Laifin ba ya tabbata sai da shaidu huɗu adalai da suka gani da idonsu, ko ikirarin da mutum ya yi da kansa, wanda kuma yana da damar janyewa. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin sahabin da ya ba Ma'izu shawarar ya je ya yi ikirarin zina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa cewa da ya suturta shi da ya fi masa alheri. Labarin Sayyidina Umar da ya haura katangar wani mai saɓo, mutumin ya tuna masa cewa shi ma ya keta dokar leƙe da ta shiga gida ba izini, Umar ya ƙyale shi, ɗalibai sun san shi. A Bauchi ma, bayan duk hayaniyar 2014, kotu ta sallami wasu daga cikin waɗanda aka kama saboda babu shaidun da Shari'a ta nema.

Idan aka ɗora abin da ake yi yau a kan wannan ma'auni, ba ya tsayuwa. Binciken wayar mutum a kan hanya bin diddigi ne. Ikirarin da aka samu da kulki ba ikirari ba ne. Jera matasa a gaban kyamara kafin alƙali ya gan su, da yaɗa hotonsu a Facebook, ƙazafi ne da aka yi wa ado da kakin hukuma. Kuma sha'awar da ke cikin zuciya, wadda mutum bai aikata komai a kanta ba, babu malamin da ya ce akwai haddi a kanta. Yaron da muke magana a kansa sau da yawa a nan yake: bai yi komai ba tukuna, amma ya riga ya ji cewa jininsa ya halatta.

Saboda haka abin da nake roƙo bai fi ƙarfin garin ba. Limamin da zai yi huɗuba kan mutanen Annabi Luɗu ya haɗa da hukuncin ƙazafi da haramcin ɗaukar doka a hannu, ya kuma tuna akwai yara a sahu. Hukumar Hisba ta hana jami'anta ɗaukar hoton wanda ake zargi. Masarauta, ta hannun hakimai da masu unguwanni, ta ɗauki korar ɗa daga gida a matsayin matsalar da ake shiga tsakani a kanta, kamar yadda ake shiga rikicin aure da na gado. Hausawa sun riga sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. 'Yan jarida su raba fyaɗen yara da sauran zarge-zarge a kalmominsu. Ma'aikatan lafiya da malaman ba da shawara a makarantu su san cewa sirrin mara lafiya da na ɗalibi amana ce ko da sun san gidansu. A ganina kuma sassan dokar 2014 da suka shafi taro da taimako sun cancanci a sake duba su, domin sun jefa har likita da mai ba da shawara cikin shakkar ko aikinsu laifi ne.

Ga 'yan'uwana manazarta da za su so su ɗauki rakoda su shiga wannan fage a Haɗeja ko Gumel ko Kazaure, akwai sharaɗi. Muryar da ka naɗa hujja ce a kotu, kuma a gari mai sanayya sauya suna ba ya ɓoye mutum: sana'arsa da unguwarsu da yawan ƙannensa sun isa a gane shi. Kada a riƙe sauti bayan an rubuta shi, kada a nemi sa hannu a takardar amincewa, kada a yi hira a inda za a ga wanda ya shiga, kuma kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya ga tsarin kafin a yi wa mutum na farko tambaya.